Jiragen Sakkwato Biyu da Suka Faɗi Tun Suna Ƙasa

Mutumin Tursa ko Wurno da ya yi niyyar Makka a zamanin kakanni, sallamar da yake yi da iyalinsa ta wanda ba a san ranar dawowarsa ba ce. Da ƙafa ake tafiya, a bi ta Kano da Borno, a ratsa Wadai da Darfur, a tsaya a yi noma ko ƙwadago a hanya don a sami guzuri, har a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya a shiga jirgin ruwa. Tafiyar takan ci shekaru, wasu kuma a can suka yi gida. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan shaida ne, domin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya zauna can da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Cikin ƙarni guda jirgin sama ya mayar da wannan tafiya ta 'yan awoyi. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya yi hajjinsa a 1955, daga nan kuma jigilar alhazai ta jirgi ta yi ta bunƙasa har ta zama aikin hukuma, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Ni'imar babba ce, amma ta zo da wani hali da kakanni ba su sani ba: mutanen da suka iya haƙurin shekara bakwai a hanya sun haifi jikokin da jinkirin awa ɗaya ke zame musu asara. Sau biyu cikin shekara goma sha biyar jirgin da ya nufi Sakkwato ya faɗi, na farko a Jidda a 1991 da mutum 261, na biyu a Abuja a 2006 da mutum 96. A bakin jama'a kalma biyu ce ke rufe zancen, ko a ce kuskuren matuƙi, ko a ce ƙaddara. Rahotannin binciken biyu sun faɗi abin da ya fi haka tsawo. A kowanne akwai wani lokaci, jirgi na tsaye a ƙasa, da wani mutum yake da dalilin cewa a dakata, kuma ba a dakata ba.

A fara da na Jidda, domin shi ne ya fi nuna yadda haɗari ke ƙulluwa a hankali. Jirgin ƙirar DC-8 ne, na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair da ke Montiriyal. Kamfanin ya ba da shi haya ga Nigeria Airways tare da matuƙansa da kanikawansa, ita kuma ta miƙa shi ga wani kamfanin Najeriya, Holdtrade, don kwaso alhazai. Mai jirgi daban, mai lambar tafiya daban, mai kwangilar fasinjoji daban, kuma kowannensu agogo yake kallo. Ranar Alhamis 11 ga Yuli 1991 ce, kusan mako uku bayan tsayuwar Arfa, alhazai sun ƙosa su koma gida ga damina ta kankama. Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ta haɗa har da Kabi da Zamfara, don sai a watan Agustan shekarar aka cire Kabi, saboda haka filin jirgin Sakkwato shi ne ƙofar gida ga mutanen wata ƙasa mai faɗi, daga fadamar Rima har Yawuri. Fasinja 247 suka hau, da ma'aikata 14. Kamfanin Kanadan ya naɗa wani jami'i mai kula da kwangilar, aikinsa ya ga an cika jadawali. Ba matuƙi ba ne, ba bakanike ba ne, amma yana cikin jirgin a ranar, kuma maganarsa tana da nauyi a kan kowa.

Matsalar ta faro ne kwana huɗu kafin haɗarin, a Akara ta Ghana, inda jirgin ke ya da zango. A ranar 7 ga Yuli wani bakanike ya auna iskar tayoyi ya tarar biyu daga cikin tayoyin sun gaza ƙa'ida. Ba a ƙara musu iska ba. Da masu bincike suka duba takardar aikin daga baya, sai suka ga an taɓa lambobin da aka fara rubutawa, an mayar da su waɗanda doka ta yarda da su. An shirya canza wasu tayoyin a Akara kafin a koma Jidda, har an soma aikin, sai ga saƙon faks daga jami'in kwangila cewa an makara, abokan hulɗa suna ƙorafi, a gaggauta. Aka tattara kayan aiki aka tashi. Safiyar ranar haɗarin, saura kaɗan a rufe ƙofa, fasinjoji duk sun zauna, shugaban kanikawa ya nemi iskar naitirojin don ya ƙara wa taya. Da ita ake hura tayar babban jirgi, saboda ba ta taimakon wuta kamar iskar da muke shaƙa. Kamfanin da ke yi musu hidima a filin ya ce tulunansa babu komai, sai dai a nemo a wurin kamfanin jiragen Saudiyya, wanda zai ɗauki lokaci. Jami'in kwangila ya ce a bar maganar. Wannan shi ne wurin da jirgin ya faɗi, ko da yake injinansa ba su ma kama ba tukuna. Bincike bai sami shaidar cewa an gaya wa kaftin ko mataimakinsa komai game da tayoyin ba. Injiniyan jirgi da ke zama bayansu shi ya sa hannu cewa jirgi lafiya yake, alhali ba ya cikin waɗanda suka yi masa aiki, kuma zagayen da aka saba yi da ido kafin tashi ba ya nuna tayar da ta rage iska, don abokiyar zamanta tana tallafe da ita, sai an sa ma'auni ake ganewa.

Abin da ya biyo baya lissafi ne kawai na nauyi da zafi. Tayoyi biyu da ke kan ƙarfe ɗaya suna raba kaya ne daidai. Idan ɗaya ta yi laushi, lafiyayyar ce ke ɗaukar na biyu, tana lanƙwashewa tana zafi a kowane juyi. Jirgin cike yake da mutane da kaya da mai, ya yi doguwar tafiya daga inda ya ɗauki fasinja zuwa titin tashi, cikin zafin Jidda na watan Yuli. Da ya fara gudu, lafiyayyar tayar ce ta fara fashewa, sannan mai laushin ta bi ta. Ƙarfen ya riƙa gurzar kwalta har roba ta kama wuta. A ɗakin tuƙi sun ji ƙara da girgiza, na'urar naɗar murya ta kama su suna tambayar juna ko taya ce ta fashe, amma ba su tsaya ba. Horon da kamfanin ya ba su bai sa fashewar taya cikin dalilan fasa tashi ba, kuma babu wata fitila da za ta gaya musu akwai wuta a ƙarƙashinsu. Da suka ɗaga, suka yi abin da aka saba, suka naɗe tayoyi zuwa cikin jirgi. Da hannunsu suka shigar da wutar rumbun da bututan mai da wayoyi suke ratsawa, inda wannan jirgi ba shi da na'urar gano gobara. Iskar cikin jirgi ta fara zurarewa, man da ke motsa sassan tuƙi ya tsiyaye, wuta ta ci daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Har ruɗani aka samu da hasumiya, mai ba da umarni ya ɗauka da wani jirgin Saudiyya yake magana, wanda shi ma ya kawo kukan matsalar iska a daidai lokacin. Sun juyo, sun hango filin, amma jirgin ya tarwatse kafin ya kai bakin titi, saura kusan kilomita uku. Duka tafiyar minti goma ce ko kusa da haka, ba wanda ya fita. Har yau babu jirgin DC-8 da ya taɓa kashe mutane kamar wannan, babu kuma kamfanin Kanada da ya taɓa yin haɗari irinsa. Nationair ya durƙushe a 1993.

To, wa ya yi kuskure? Wanda ya ce matuƙan, ya faɗi wani yanki na gaskiya: da sun taka birki lokacin da suka ji ƙarar, ko da sun bar tayoyin a waje, da wataƙila an kirga masu rai. Amma hukuncin da suka yanke cikin daƙiƙoƙi sun yanke shi ne ba tare da labarin da wasu mutum uku ko huɗu suka kwana huɗu suna riƙe da shi ba. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci a tarihin, kuma yana bayyana abin da jerin dubawa zai iya da abin da ba zai iya ba. Asalin wannan jeri da matuƙa ke karantawa kafin tashi wani haɗari ne na ranar 30 ga Oktoba 1935 a filin Wright da ke Ohayo a Amurka, inda sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi a gaban manyan soja saboda gogaggen matuƙi, Manjo Ployer Hill, ya tashi ba a cire makullin da ke riƙe sassan tuƙi lokacin da jirgi ke ajiye ba. Daga nan aka gane jirgi ya fi ƙarfin a riƙe shi da ka, aka rubuta abubuwan dubawa a kati, ɗaya ya karanta ɗaya ya amsa. Katin ya ceci rayuka da ba su ƙirguwa. Amma yana aiki ne idan mai amsawa ya kalli abin da gaske. A Ditiroyit a watan Agusta 1987, da Madrid a watan Agusta 2008, jirage biyu sun yi ƙoƙarin tashi ba a saukar da ɓallayen fiffike da ke ƙara musu ɗagawa ba, ƙararrawar gargaɗi kuma ba ta yi kuka ba, kowanne ya kashe mutum 154 na cikinsa. A 2005 jirgin Helios da ya tashi daga Saifurus ya hallaka mutum 121 saboda an bar maɓallin matsin iska a inda injiniyan ƙasa ya ajiye shi bayan gwaji, matuƙan kuma suka wuce ta kansa a dubawa fiye da sau ɗaya. A Jidda abin ya fi haka muni, domin an duba, an gani, an rubuta, sannan aka goge. Katin kaftin ba shi da layin da zai kama takardar da aka yi wa ƙarya.

Haɗari na biyu ya fi kusa da zukatan mutanen gabashin Sakkwato. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla, jirgin ADC ƙirar Boeing 737 da ya taso daga Legas ya tsaya Abuja ya ɗauki fasinjojin Sakkwato. Cikin mutum 105 da ke ciki akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na uku, jinin Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno. Akwai ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, akwai mataimakin gwamna Garba Muhammad, akwai Abdurrahman ɗan tsohon shugaban ƙasa Shehu Shagari, akwai kuma Sanata Sule Yari Gandi, mai wakiltar Sakkwato ta Gabas, mazaɓar da Tursa da Rabah da Wurno da Goronyo suke ciki. Hadarin ƙarshen damina ya haɗo kan filin, ruwa ya fara, iska tana kaɗawa tana sauya ƙarfi. Hasumiya ta yi ta karanta wa jirage ƙarfin iskar. Matuƙin wani jirgin Virgin Nigeria da ke jiran tashi ya ji abin da kowa ya ji, ya ce shi zai jira ta lafa. Na ADC suka nemi izini, aka ba su, suka tafi. Manomin fadamar Rima ya san iskar da ke zuwa gaban hadari, wadda takan bugo daga gabas da ƙarfi, kafin ka tattara kaya ta juya ta wani gefen. Wannan juyin shi ne abokin gabar jirgi mai tashi. Yana ɗagawa iska na dukan goshinsa tana ƙara masa ƙarfin fiffike, cikin ƙiftawar ido ta koma bayansa, gudunsa a cikin iska ya zube, shi kuma bai yi nisa da ƙasa ba. Na'urar jirgin ta yi gargaɗi. Matuƙan suka ɗaga hancinsa fiye da abin da fiffike zai ɗauka, iska ta daina riƙe shi, ya faɗo a wata gona kusa da ƙauyen Tungar Madaki bai cika minti biyu a sama ba. Mutum tara suka tsira.

Washegari ministan sufurin jiragen sama, Babalola Borishade, ya fito ya ce matuƙi ne ya ƙi jin shawarar hasumiya. Hukuncin ya zo da wuri, kuma ya faɗa kan wanda ba zai iya kare kansa ba, abin da ke faruwa kusan duk lokacin da jirgi ya faɗi. Rahoton hukumar binciken haɗurra da ya fito bayan shekaru bai wanke matuƙan ba. Ya ce sanadin shi ne shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da kasa bin matakan kuɓuta daga juyin iska. Amma ya ci gaba zuwa inda ministan bai je ba. Ya ce na'urar koyon tuƙi da aka sabunta musu horo a kanta ba ta dace da wannan atisaye ba. Ya ce kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ta abin da matuƙi zai yi in yanayi ya ɓaci. Ya ce a daidai lokacin tsanani aikin bai rabu tsakanin mai tuƙi da mai lura yadda ya kamata ba. Duk waɗannan a ƙasa ake gyara su, a ofis da ɗakin horo, watanni kafin ranar. Kamfanin da bai rubuta wa matuƙinsa iyakar iskar da zai tashi a cikinta ba ya bar shi ne shi kaɗai da jadawali da idon fasinjoji, kuma a ranar fasinjojin sun haɗa da Sarkin Musulmi da sanatoci biyu. Ba wanda ya ce ɗayansu ya matsa a tashi, kuma zalunci ne a jingina musu haka. Abin da tarihin ya tabbatar shi ne jirage biyu sun tsaya a fili ɗaya ƙarƙashin hadari ɗaya, wanda ya jira ya kai fasinjojinsa.

Mai karatu Musulmi zai ce, ai kwana ne ya ƙare, wanda aka rubuta zai mutu a Tungar Madaki ba zai mutu a gadonsa ba. Gaskiya ne, kuma da wannan imani Sakkwato ta ɗauki rashin da ya fi ƙarfinta, ta yi jana'iza, aka naɗa Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a ranar 2 ga Nuwamba ba tare da tarzoma ba. Sai dai ƙaddara magana ce ta ta'aziyya ga wanda aka yi wa rashi. Ba ta taɓa zama hujjar wanda aka ba amana ya yi sakaci ba. Malamanmu suna karantar da labarin Sayyidina Umar da ya nufi Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai sannan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Matuƙin da ya kashe lokaci a bakin titin Abuja yana jiran iska ta lafa bai fita daga ƙaddara ba, hanyar Umar ya bi. Shari'ar da Wurno da Sakkwato suka yi hukunci da ita ta san lamuni: wanda aka ba ajiya ya yi sakaci har ta salwanta, biya yake yi, ba a karɓar uzurin cewa haka Allah ya so. Wanda ya goge lambar iskar taya ya rubuta wata ya ci amanar mutum 261, kuma kiran abin ƙaddara kawai rufa masa asiri ne da sunan addini.

Wasu kuma sun ce laifin tsofaffin jirage ne, an mayar da Afirka juji. Akwai dalilin faɗin haka. DC-8 na Jidda an ƙera shi a 1968, na ADC a 1983, kowanne ya kai shekara 23 ranar da ya faɗi. Bayan jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002, gwamnati ta dakatar da jirage ƙirar BAC 1-11, ta kuma sa iyakar shekara 22. Tsohon jirgi yana rasa wasu na'urori, kuma da na Jidda yana da mai gano wuta a rumbun taya da labarin ya iya sauyawa. Amma taya ba ta da shekarun jirgi, ana canza ta a kai a kai, kuma sabuwa fil in ba ta da iska haka za ta fashe. Jirgin Helios bai kai shekara goma ba. Haɗari mafi muni a tarihin jiragen sama, na tsibirin Tenerife a 27 ga Maris 1977 da ya ci mutum 583, jirage biyu ne ƙirar Boeing 747 masu ƙuruciya suka yi karo a kan titi cikin hazo, saboda ɗaya daga cikin manyan kaftin na kamfanin KLM, wanda lokacin aikinsa ke neman ƙurewa, ya fara gudu bai sami izinin tashi ba, na ƙasa da shi kuma suka yi shakka amma ba su tsaya a kanta ba. Zancen tsufa yana da daɗin faɗi ga hukuma saboda maganinsa sayayya ce. Gyaran halin aiki ya fi wuya, ba a kuma yi masa bikin ƙaddamarwa.

Ƙorafi na uku shi ya fi ƙarfi, kuma bai kamata a raina shi ba. Jinkiri yana da farashi na gaske. Duk wanda ya san jigilar alhazai ta shekarun 1980 da 1990 ya san yadda tsofaffi kan kwana a filin Jidda kwanaki, guzuri ya ƙare, rashin lafiya ta kama, gona na jira a gida. Kamfanin da ya makara ana cin sa tara, ko ya rasa kwangilar baɗi. In za a tsayar da jirgi kan kowane ƙaramin abu, babu wanda zai tashi. Masana harkar sun san da haka, shi ya sa kowane jirgi yake da littafin da ya rarrabe abin da za a iya tafiya da shi a gyara daga baya da abin da ba a tashi sai an gyara. Fitilar karatu ta fasinja tana iya jira. Iskar taya ba ta cikin masu jira, kuma bakaniken Jidda ya san haka, shi ya sa ya nemi naitirojin. Abin da ya rasa shi ne ikon da zai sa kalmarsa ta fi ta jami'in kwangila. Nan ne fasinja ma yake da nasa kaso, ko da ba shi da daɗin ji. Mu ne muke yi wa ma'aikata ihu a ɗakin jira in an ce an ɗaga tashi, mu ne muke yabon kamfanin da ke tashi ko ana ruwa ko ana iska, manyanmu ne ke aika a tambayi dalilin da ya sa ba a tafi ba. Kowace irin wannan murya tana isa ɗakin tuƙi ta wata hanya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, a Jidda kuwa jiran da aka ƙi bai wuce na kawo tulun iska daga wani gefen fili ba.

Najeriya ta ɗauki darasi, amma sai da ta biya da tsada. Kafin na ADC, jirgin Bellview ya kashe mutum 117 a Lisa ta jihar Ogun a watan Oktoba 2005, na Sosoliso ya kashe 108 a Fatakwal a watan Disamba, yawancinsu 'yan makaranta. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi aka sauya minista, aka dakatar da ADC, bai kuma sake tashi ba. Dokar sufurin jiragen sama ta 2006 ta ƙarfafa hukumar NCAA mai sa ido kan harkar jiragen sama, ta kuma ware hukumar binciken haɗurra ta tsaya da ƙafarta. An tilasta wa kamfanoni ƙara jari a 2007, da dama suka rufe. A shekarar 2006 ɗin aka kafa hukumar alhazai ta NAHCON, wadda ke tantance kamfanonin jigila. A 2010 Amurka ta sa Najeriya a rukunin farko na ƙasashen da ta yarda da sa idonsu. Waɗannan ci gaba ne na gaske, kuma alhajin da ke tashi yau daga filin Sultan Abubakar na uku ya fi na 1991 aminci nesa ba kusa ba. Sai dai ranar 3 ga Oktoba 2013, a Legas, ƙaramin jirgin Associated da ke ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu, ya fara gudu na'ura tana ta gargaɗi cewa ba a shirya shi don tashi ba. Mataimaki ya nuna damuwa, kaftin ya ci gaba, mutum 16 daga cikin 20 suka mutu. Shekara bakwai bayan sabuwar doka ke nan, kuma halin bai bambanta da na Jidda da Abuja ba.

Saboda haka hukumar jin daɗin alhazai ta jihar Sakkwato da NAHCON, idan za su sa hannu da kamfanin jigila, su tambayi fiye da yawan kujeru da ranar gamawa. Su tambayi wane ne mai jirgin na ainihi, su waye kanikawansa, a ina za a sami kayan gyara a Jidda da Madina, kuma ko yarjejeniyar tana cin kamfani tara in ya jinkirta don gyara, domin irin wannan tara ita ke rubuta saƙon faks na gaba. 'Yan majalisar da ke wakiltar Sakkwato ta Gabas, waɗanda ke zaune a kujerar Sule Yari Gandi, su ne suka fi cancanta su matsa a riƙa fitar da rahoton bincike da wuri, a kuma fassara shi da Hausa. Kai kuma maniyyaci daga Tursa ko Gandi ko Goronyo, in ka kwana a sansanin alhazai aka ce an ɗaga tashi saboda gyara ko saboda hadari, kada ka shiga cikin masu zagin ma'aikata. Ka tambayi jami'inku yaushe za a gama, ka nemi a ba tsofaffi abinci da wurin kwana, sannan ka bar bakanike ya ƙarasa aikinsa.